Waƙar Igiyar Sambuk

A shekarar 2013 ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Alƙahira, ina zaune ni kaɗai a hawa na uku na wani tsohon bene a Dokki. Matata da yara sun koma Kano tun lokacin hargitsin farko na juyin juya halin Masar. Mun ce 'yan watanni ne, har gari ya lafa. Garin bai lafa ba, mu kuma muka daina maganar ranar dawowa.

Aikina karanta labarai ne. Da safe a miƙo mini takardu da Larabci, in mayar da su Hausa, in shiga ɗakin ɗaukar murya, jar fitila ta kama, in karanta. A wannan shekarar yawancin labaran na mace-mace ne. Wanda ya koya mini aikin tun a gida ya ce mai karanta labarai ba ya ɗaga murya, ba ya sauke ta. Labarin gobara da na farashin tumatir mudu ɗaya ake auna musu, mai sauraro shi zai ji abin da zai ji. Na riƙe wannan da kyau. Har ta kai ranar da matata ta kira ta ce autarmu ta fara tafiya, na ce madalla. Sai ta ce idan na gama karanta mata labaran duniya in ba ta mijinta. Na gane wasa take yi, na kuma san wajen dariya ne. Ban yi ba.

Bayan labarai ina da wani ɗan shiri na mako-mako a kan Hausawan da suka baro gida a ƙasa don zuwa Hajji, hanya ta riƙe su a Sudan, suka hayayyafa a can. Akwai wata mata mai sharar wani ofis a ƙasan benenmu. Wata rana ta ji ina waya a matakala, da na gama ta gaishe ni da Hausa mai gauraye da Larabcin Sudan. Da ta ji irin aikina sai ta ce mahaifinta yana da waƙar jirgi. Kakansa ne ya yi aiki a jirgin katako a Bahar Maliya, tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa, waƙar kuma daga bakinsa ta fito. Ta ce ita kanta ba ta taɓa jin ta daga farko zuwa ƙarshe ba. Ta ƙara da cewa idan ina so in hanzarta, domin bayan Babbar Sallah za ta mayar da tsohon Bur Sudan. Ya ce ba ya so a binne shi a Masar.

Na lura ina so in ɗauki waƙar nan a rikoda kafin su tafi. Na lura ne kawai, yadda mutum yake lura da cewa famfo ya kawo ruwa. A shekarar ba na tuna wani abu daban da na so.

Suna zaune a wata unguwa da ake kira Arba wa Nus. Daga Dokki sai na shiga jirgin ƙasa na metro, in sauka in kama ƙaramar bas, in sauka in taka cikin rairayi da jan bulo, tsakanin benayen da ba a gama ba amma an cika su da mutane. Dole in juyo da wuri saboda dokar hana fita. Tsohon dogo ne, ya ranƙwafa, idonsa ɗaya ya yi fari. Hannayensa sun fi ƙarfin jikinsa, kamar an aro su daga wani ƙaton mutum. Da na durƙusa na gaishe shi ya tambayi garinmu, na ce Kano.

Ya ce, "To, a ɓoye cokula. Bawanmu ya zo."

Kakan nasa mutumin Zazzau ne. Shi tsohon bai taɓa taka Zariya ba, bai ma taɓa wuce Kordofan ta yamma ba, amma wasan Kanawa da Zazzagawa ya gada cif. Tun daga ranar bai kira ni da komai ba sai Bakano.

Na yi ta zuwa. Ina ajiye rikoda a kan tabarma tsakaninmu, 'yar tasa ta kawo shayi mai na'ana'a, shi kuma ya yi ta magana. Bai ji nauyin rikodar ba ko kaɗan. Abin da ya faɗa mini a kan jirgin shi ne wannan.

Kakan ya baro gida yana saurayi cikin ayarin alhazai. Sun yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi dako a can, har suka isa Sawakin a bakin teku. Ba shi da abin tsallakawa, sai wani mai jirgi ya ɗauke shi ya yi aiki a madadin haka. Irin jirgin ana ce masa sambuk. Na katako ne gaba ɗaya, ba shi da inji, iska ce take tura shi ta wani ƙaton ƙyalle da suke kira shira'i. Shugaban jirgin kuma nakuda. Kakan ya tsallaka Jidda, ya yi Hajjinsa, sannan ya koma cikin jirgin, bai fita ba sai da furfura ta fito masa. Na tambaya ko da son ransa ya zauna. Tsohon ya ce ba a tambayi kaka wannan ba, shi ma bai faɗa ba. Ya sha shayinsa, muka wuce wurin.

Ranarsa ta farko, in ji jikan, kaka ya leƙa cikin jirgin ya ga ruwa kwance a ƙarƙashin buhunan dawa. Ya ɗora hannu a ka yana salati, yana cewa jirgi ya fashe. Ma'aikatan suka yi ta dariya, suka miƙa masa gugan fata. A nan ya koyi cewa jirgin katako kullum yana shan ruwa. Ba lalacewa ba ce, halinsa ne. Da asuba a kwarfe, da la'asar a kwarfe, gobe ma haka, har ranar da jirgin zai mutu. Idan ma aka fitar da shi tudu ya bushe ƙarau, katakan sai su ja jiki su buɗe baki, ranar da aka mayar da shi ruwa ya nutse.

Daga Sawakin suna ɗaukar dawa da fatu da ƙaro da man shanu a tulu, wani lokaci tumaki, lokacin Hajji kuma mutane a kan kayan. Su dawo da yadi da shinkafa da dabino da gahawa. Idan suna bin gaɓa da rana kawai suke tafiya, saboda duwatsun murjani da ke laɓe a ƙarƙashin ruwa. Mutum ɗaya yana can saman turken jirgin yana kallon launin teku. Inda ruwa ya yi shuɗi mai duhu akwai zurfi, inda ya yi kore a yi hattara, inda ya yi ruwan ƙasa dutse ne. Kafin magariba su nemi lungu su jefa ƙugiyar ƙarfe su kwana. Mai dafa abinci yana da akwatin katako cike da rairayi, a kansa yake hura wuta, kuma shi kaɗai aka yarda ya riƙe wuta a jirgin. Abincin tuwon dawa ne da busasshen kifi. Ruwan sha yana cikin wani akwati da aka shafe da kwalta, a auna wa kowa, idan tafiya ta yi tsawo sai an tace shi da gefen rawani. Ɓeraye da kyankyasai kuwa, kaka ya ce su ne masu jirgin, mutane baƙi ne.

Lokaci-lokaci sukan jawo shi bakin gaɓa su kwantar da shi a gefe guda. A kankare abin da ya manne a cikinsa, a cusa auduga a tsakanin katakai da kurfi da guduma, a dafa kitse da farar ƙasa a shafe inda ruwa yake taɓawa don kada tsutsa ta ci, sama kuma a shafe da man wani babban kifi. Tsohon ya ce warin man nan bai bar jikin kakansa ba har ya rasu. Matan gida sun ce ƙarya ne, amma shi ya ji.

Duk wannan na ɗauka, murya tas, ba hayaniya. Saura waƙar.

Waƙar ta ɗaga shira'i ce. Ƙyallen a ɗaure yake a jikin wani gungume wanda ya kusa kai tsawon jirgin kansa, kuma kowace safiya sai an ja gungumen nan da igiya har saman turke. Kowa yana kama igiyar, har mai dafa abinci. Mutum ɗaya ne ba ya ja, shi ne mai bayarwa. Ya jefa baiti, sauran su amsa, a kan amshin kuma su ja tare. Kaka ya zama mai bayarwa saboda muryarsa tana keta iska. Ya tarar da waƙar da Larabci da wasu kalmomi na mutanen gaɓar da ba wanda ya san ma'anarsu, shi kuma ya yi ta cusa Hausa a ciki. Tun da ba mai ji, a cikin waƙar yake zagin nakuda, nakudan yana tsaye yana kaɗa kai. Amshin ma ya mayar da shi Hausa, Larabawa da Habashawa suna faɗa ba su san me suke faɗa ba.

Da kakan ya tsufa ya zauna a Bur Sudan, shi ake kira idan za a jawo jirgi tudu ko za a ɗora azara a sabon gini. A nan jikan ya koya. Shi ma da ya girma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya yi wa abokan aikinsa bayarwa shekara da shekaru, har aka kawo injunan ɗaga kaya.

Na shirya masa rana a gidan rediyo. Na ɗauko shi a tasi, shi da 'yarsa. Injiniyan sautinmu Bamisire ne, mutum mai haƙuri, ya gyara masa kujera, ya daidaita makirufo, ya ba shi ruwa. Muka rufe ƙofa mai nauyin nan da ke kashe duk wani motsi na waje. Jar fitila ta kama. Na yi gabatarwa da muryar aiki, na ce ga mu tare da wani dattijo, na ce Baba, bismillah.

Ya dubi bangon da aka lulluɓe da soso. Ya dubi makirufo.

Ya ce, "Ina kayan?"

Na ce wane kaya. Ya ce wanda za a ja. Na yi masa bayani cewa murya kawai muke so, ya yi kamar yana tashar jirgi. Ya yi ƙoƙari, ban ce bai yi ba. Ya faɗi wasu kalmomi a kwance, kamar mai karanta adireshi, ya tsaya, ya sake farawa daga wani wuri, ya tsaya. Ya ce bakin zaren ya ɓace masa. Injiniya ya yi magana ta cikin lasifika, ya ce ma'alish, wato ba komai, ko kaɗan aka samu zai sa ƙarar teku da kukan tsuntsaye a ƙarƙashi, ba wanda zai gane. Na fassara wa tsohon. Ya ce a gaya wa Bamisiren nan teku ba ta ƙara sai za ta ci mutum, kuma ba a waƙa a lokacin.

Na mayar da su gida. A hanya ya yi barci, kansa a jikin gilashin tasi. Ban ji takaici ba. Na rubuta a raina cewa sutudiyo bai yi ba, a nemi wata hanya.

Mu a rediyo mun saba da yin abu da abin da ba shi ba. A wasan kwaikwayo ƙoƙo biyu a kan tebur su ne doki, leda a murtsuke ita ce gobara. Don haka dabarar da ta zo mini ba ta yi mini kama da wauta ba. Na sayi igiya mai kauri a kasuwa, na je Arba wa Nus, na ɗaure ta a ƙarfen tagar ɗakinsa, na roƙi maƙwabta biyu su zo su kama. Muka jeru, rikoda tana aiki. Na ce Baba, ga igiya, ga mutane.

Ya tashi a hankali, ya zo ya kama igiyar da hannu ɗaya, ya ɗan girgiza ta. Ya kalli tagar.

Ya ce, "Bakano, ita tagar ina za mu kai ta?"

'Yarsa ta fashe da dariya daga kicin, maƙwabtan ma suka saki igiya suna dariya. Ya koma ya zauna. Da suka tafi sai ya yi mini bayani ba tare da wasa ba. Ya ce mai bayarwa ba daga kansa yake ɗauko baiti ba. Yana sauraron igiya ne, yana sauraron numfashin mutane. Idan igiya ta yi ƙara, numfashi ya gajarta, sai baitin ya zo da kansa daidai tsawon hutun da suke bukata. Idan kayan ya yi sama, wani baitin ya biyo. Shi bai taɓa sanin waƙar a zaune ba, bai san baiti nawa ba ne, bai san wanne ke bin wanne ba sai yana tsaye a bayan masu ja. Ya ce ba rowa yake yi mini ba. Na ce na sani.

Na gwada sau ɗaya kuma. Na kai shi bakin Nilu wajen Giza, muka hau irin ƙananan jiragen nan masu ƙyalle da ake yawon shan iska a ciki. A lokacin ba baƙi a gari, masu jiragen suna zaune suna korar ƙuda. Na roƙi mai jirgin ya sauke ƙyallen ya sake ɗagawa a gabanmu. Ya ɗaga shi shi kaɗai, da taba a bakinsa. Tsohon ya shafa katakon gefen jirgin, ya sunsuna hannunsa, ya ce fenti ne. Ya leƙa ƙasa ya ga ɗan ruwa kwance, ya ce to, wannan dai ɗan gidan ne.

Sallah ta zo ta wuce. Na yi ta ni kaɗai, na je Idi na dawo na karanta labarai. Na riga na haƙura da waƙar, ko in ce na ajiye ta inda nake ajiye sauran abubuwa. Ana jibi za su tafi na je yin sallama. Rikoda tana cikin jakata don kullum tana ciki, ba don na shirya komai ba.

Na tarar da ɗakin a hargitse, an ɗaure katifu, tukwane a cikin buhu. 'Yar ta ce an hau da Baba saman bene don ƙura. Ta ce akwai hayaniya a can, mai gidan ya sayo tankin ruwa, da yake unguwar ruwa yana yi musu wuya. Da ma na ga tankin a ƙofar gida ina shigowa, na ƙarfe ne, na hannu, ya yi wa matakala girma.

A saman benen an kafa wani ƙarfe da ya leƙa titi, an rataya masa bakara, wato garen nan da igiya take bi ta kai. Wani mai gyaran famfo Bamisire ne yake ba da umarni, sai maza huɗu daga cikin 'yan haya, biyu daga cikinsu su ne waɗanda suka ja taga da ni. Tsohon yana zaune a kujerar roba a inuwar ɗakin matakala. Na ajiye jakata a bakin ƙofa, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in matsa, na tare masa kallo.

Suka fara ja. Kowa yana ja lokacin da ya ga dama, tankin yana tahowa da fizga, yana bugun bango. Tsohon yana ta tsaki ƙasa-ƙasa. Ya ce dubi wannan, da baya yake ja, gobe ba zai tashi ba. Dubi wancan, ya naɗe igiya a hannu, yana so ya bi tanki ƙasa. Da tankin ya wuce rabin benen sai ya tsaya. Sun gaji. Na ga igiyar ta fara zamewa a hannunsu kaɗan-kaɗan, tana komawa. A ƙasa akwai mai shayi da kujerunta, da mutanen da aka kora suka dawo kallo. Mai famfo ya waiwayo ya gan ni tsaye da rigar ofis.

Ya ce, "Ya ustaz, hannunka!"

Na kama jelar igiyar. Nauyin ya shigo mini ta hannu har ƙugu, ban taɓa riƙe abu irinsa ba. Takalmina ya fara gogar siminti. Muna riƙe dai, ba ma gaba, ba ma iya saukewa a hankali. Igiyar tana wani irin kuka a kan garen.

Sai na ji murya a bayana. Ban gane ta ba da farko. Ba muryar da take cikin rikodata ba ce, wannan siririya ce, mai tsayi, tana fita ta hanci kamar ta mai kiran sallah a ƙauye. Ya jefa baiti, ya ba da amshin da kansa: sai ya hau. Ya sake jefawa. Maƙwabtan nan biyu da suke jin Hausa suka amsa, suka ja. A karo na gaba duk muka amsa, har mai famfo, wanda bai san me yake faɗa ba. Tankin ya motsa.

Tun daga baitin farko na san ita ce. Ina ganin jakata a bakin ƙofa, ba nisa. Na auna abin a kaina yadda nake auna daƙiƙoƙin da suka rage kafin a rufe labarai: in saki, in taka, in buɗe jaka, in danna, in dawo. Na kuma san ni ne na ƙarshe a igiyar, jelar a hannuna take, idan na saki ba wanda zai tare abin da ya zame. Ba zan ce na yanke shawara ba. Hannuwana suna kan igiya, suka ci gaba da zama a kai.

Tsohon ya matso gefenmu yana tsaye, ya dafa kafaɗar na gabana da hannu ɗaya. Gaskiya ya faɗa mini. Idan numfashinmu ya yi sama sai ya ja baitin ya yi tsawo, mu huta a cikinsa ba tare da mun sani ba. Idan muka samu ƙarfi sai ya gajarta, mu ja a jere. Na ji sunayen garuruwan gaɓa suna wucewa. Na ji dawa, na ji fatu. Na ji nakuda mai tumbi kamar tulun man shanu, maƙwabtan suka yi dariya a cikin amshi. Akwai dogayen wurare da ban gane ko kalma ɗaya ba. Akwai inda ya ce Zazzau ta yi nisa. Akwai kuma baiti ɗaya da ya zauna mini daram: uwata ba ta san ina kan ruwa ba. Muka ce sai ya hau, muka ja.

Bakin tankin ya leƙo. Mai famfo ya saki igiya ya rungume shi, aka jawo shi ciki, ya zauna a kan siminti da ƙara. Waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti.

Kowa ya zube inda yake. Tsohon ya koma kujerarsa yana haki, bakinsa a buɗe. 'Yarsa tana tsaye a ƙofar matakala da tsumma a hannu, ban san tun yaushe ba. Ta dube shi, ta ce ashe haka take. Ta sauka ta kawo masa ruwa.

Na je na buɗe jaka. A nan na ga tafin hannuwana sun saluɓe, jini ya ɓata zif ɗin. Na danna rikoda da gefen yatsa, na durƙusa a gabansa, na ce Baba, ko baiti biyu, yanzu da take kusa.

Ya daɗe yana kallona da idonsa mai gani. Ina jin ya nema, domin leɓunansa sun motsa.

Ya ce, "Ai ya hau, Bakano. Ko a sauke maka shi?"

Wani ya fassara wa mai famfo, shi kuma ya ce wallahi duk wanda ya taɓa tankin nan sai dai ya bi ta kan gawarsa. Aka yi dariya. Wannan dariyar tana cikin rikodata, da hakin tsohon, da ƙarar wani babur a ƙasa. Tsohon ya kama hannuna ya juya shi, ya duba, ya ce hannun amarya. Ya ce in wanke da ruwan gishiri, haka ake yi a jirgi. Na yi musu sallama da wuri saboda dokar hana fita.

Sun tafi ranar da suka ce. Shirin ya fita bayan mako biyu, da muryarsa yana bayanin kwarfar ruwa da launin teku da akwatin wuta. Da aka zo wajen waƙar na ce da muryar aiki, akwai waƙar da ake yi wajen ɗaga shira'i, amma ba mu samu ɗaukar ta ba. Injiniya ya sake tayin ƙarar teku, na ce a bar wurin haka. A makonnin nan ina riƙe takardar labarai da kan yatsu, duk juya shafi sai na ji zafi. Labaran ba su canja ba, muryata ma ba ta canja ba. Matata ta tambayi abin da ya sami hannuna, na ce tanki na ja. Ta ce tankin wa. Na ce na wasu mutane.

Na yi ƙoƙarin rubuta abin da na tuna. Baitin uwar nan ne kawai ya fito cikakke, sauran gutsattsari ne, kuma a takarda ba su yi kama da komai ba.

Da sanyi ya shigo, gas ɗina ya ƙare. Mai sayarwa ya ajiye mini tukunyar a ƙasan bene ya wuce, mai gadin gidan kuma ya tafi ƙauyensu. Na rungume ta na fara hawa. A tsakiyar matakala numfashina ya gajarta, sai na ji bakina ya ce sai ya hau, ƙafata ta taka. Na tsaya da tukunyar a ƙirji ina jiran baiti. Wani yana kallon talabijin a bayan wata ƙofa. Na jira, baiti bai zo ba, sannan na sake faɗin amshin ni kaɗai, na ƙara taku ɗaya.